Darasi na 7: Kunun Farko na Jariri

Wannan darasi na uwa ne, da kaka, da maigida mai ba da kuɗin cefane. Malama ta karanta, aji ya maimaita.

Yaushe za a fara?

Daga haihuwa zuwa wata 6, nonon uwa kaɗai ya ishi jariri. Ko ruwa ba ya bukata, duk zafin da ake yi a Accra, domin akasarin nono ruwa ne. Haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce, haka kuma ake faɗa mana ranar awo a asibitin Mamobi. Idan ya cika wata 6, sinadarin ƙarfe mai gina jini da ya zo da shi daga ciki ya fara ƙarewa. Za ki ga wuyansa ya tsaya, yana zama idan an tokare shi, yana bin lomarki da ido. To, lokacin abinci ya yi. Nono kuwa ba a daina shi, a ci gaba har shekara 2.

Kokon bakin titi

A Nima da Sabon Zongo, abin da aka fi fara ba jariri shi ne koko. Yana da araha, yana bakin ƙofa tun asuba. Amma koko an tace shi, an tsinka shi da ruwa, ga citta, ga barkono, ga sukari. Cikin jariri ɗan mitsitsi ne. Idan koko ya cika shi, ruwa ne ya cika shi. Yaro zai yi shiru kamar ya ƙoshi, amma ranar awo nauyinsa na nan inda yake.

Wata kaka za ta ce, "Mu da koko muka raine ku, me ya same ku?" Kada ki yi mata musu. Ki ce, "Gaskiya ne Hajiya, kunun ne dai za mu ba shi, sai dai mu ƙara masa kauri da kifi." Da ladabi ake shawo kan uwar miji, kuma sau da yawa ita ce ke riƙe da yaron idan kin tafi kasuwa.

Matsalar ba ta yau ba ce. A 1933, a asibitin yara na Princess Marie Louise da ke nan Accra, likita Cicely Williams ta bayyana cutar kwashoko a jikin yaran da ake ciyarwa da masara zalla: ƙafafu su kumbura, gashi ya yi ja, fata ta saɓule.

Gwaji mai sauƙi: ɗebi kunu a cokali, ki karkata shi. Idan ya zube shar, ya yi ruwa. Idan ya tsaya, yana sauka a hankali, ya yi daidai.

Haɗa garin kunu

Wannan gari ɗan'uwan Tom Brown ne, wato garin kunun soyayyen hatsi. Ma'aikatan lafiya na kiran sa Weanimix, kuma tun 1987 ake koyar da shi a Ghana. Ma'aunin shi ne gwangwani 4 na masara, gwangwani 1 na wake da gyaɗa a haɗe. Gero ko dawa na iya maye gurbin masara, waken suya kuma gurbin wake.

Ki tsince da kyau. Duk ƙwayar gyaɗa ko masara da ta yi fumfuna, ko ta yamutse, ko ta yi baƙi, a zubar. Tana ɗauke da guba mai lalata hanta, kuma wuta ba ta kashe ta. Soya kowanne daban a tukunya ba mai, har ya yi ƙamshi. Murje gyaɗar, ki sheƙe, ki haɗa duka ki kai injin niƙa. Ki tsaya a kan mai injin ya goge shi tukuna, don watakila barkono ya gama niƙawa. Kada a niƙa mai yawa, gari mai gyaɗa ba ya jimawa. A adana a mazubi busasshe mai murfi.

Wajen damawa, kwaɓa garin da ruwan sanyi, ki zuba cikin ruwa mai tafasa, kina juyawa har ya dahu sosai. Sa ƙaramin cokali na manja, da ƙaramin cokali na garin kifi. Ƙananan kifin nan da ake kira Keta school boys sun fi dacewa: a wanke yashi, a busar, a daka har da ƙashin, a tankaɗe.

Ba kunu kaɗai ba

Dafaffiyar doya ko dankali da ganyen kontomire, wato ganyen gwaza, a murƙushe a asanka, kaskon nan na niƙa kayan miya. Kontomire sai ya dahu lugub, in ba haka ba yana ƙaiƙayin maƙogwaro. Ƙwai dafaffe, hanta, alayyafo, ayaba, gwanda, duk suna shiga. Idan ya ƙara wayo, tuwo mai laushi da miyar ayoyo. Ki ɗebi nasa kafin ki sa barkono, gishiri da magi. Sabon abinci a kawo shi ɗaya bayan ɗaya. Idan baki ko fuska ta kumbura, ko numfashi ya sarƙe, sai asibiti nan take.

Nawa zai ci? A farko cokali 2 ko 3, sau 2 a rana. Daga wata 6 zuwa 8, sau 2 ko 3, ana ƙarawa har rabin kofi. Daga wata 9 zuwa 11, sau 3 ko 4. Idan ya tofar, ba ƙi ya yi ba, harshensa ne bai saba ba. A sake gwadawa gobe. Ɗura kuwa, wato a toshe hanci a kwarara kunu, a bar ta kwata-kwata, domin kunun na iya bi ta huhu.

Zuma sai bayan shekara 1. Shayi yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe. Gyaɗa guda tana shaƙe yaro. A wanke hannu da sabulu, a ba shi da kofi da cokali, ba fida ba. Kunun da ya wuce awa 2 a ajiye, babba ya shanye.

Aikin aji

Rubuta waɗannan kalmomi sau 3: kunu, gyaɗa, kifi, ƙwai.

Idan masara gwangwani 8 ce, wake da gyaɗa gwangwani nawa za a sa?

Mako mai zuwa kowace uwa ta zo da littafin awon ɗanta, za mu koyi karanta layin nauyi.