Yadda za ka haɗa manhajar waya ko ta kwamfuta da API na Wikipedia

Wani ƙanina ya kawo min manhaja da ya rubuta, wai tana karanto maƙalolin Wikipedia ta Hausa, da na leƙa kod ɗin sai na ga ashe shafin gaba ɗaya yake saukewa sannan ya zauna yana tsintar rubutu a cikin HTML kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Tana aiki kam, amma duk ranar da aka taɓa fasalin shafin shi kenan ta watse. Alhali MediaWiki, wato manhajar da Wikipedia ke zaune a kanta, tana da ƙofar da aka yi domin wannan aikin, ita ake kira API, kyauta ce, kuma in karatu kawai za ka yi ko rajista ba sai ka yi ba.

Matakin farko kar ma ka buɗe wajen rubuta kod tukuna. Buɗe burauza ka liƙa wannan:

https://ha.wikipedia.org/w/api.php?action=query&list=search&srsearch=Kano&format=json&formatversion=2

Abin da zai fito shi ne JSON, wato tsarin rubuta bayanai da manhaja ke iya karantawa, jerin maƙalolin da suka dace da Kano, kowace da takenta da lambarta da ɗan gutsuren rubutu. Kar ka bar formatversion=2 ɗin nan, tsohon tsarin yana jera amsa a karkace ka yi ta fama. In kana son Wikipedia ta Turanci ko ta Larabci sai ka sa en ko ar a madadin ha ɗin da ke farkon adireshin, sauran duk ɗaya ne, haka ma duk wani wiki da aka gina da MediaWiki, adireshin ne kawai ke canzawa.

Na biyu, ɗauko maƙalar kanta. Sai ka cire list=search da srsearch=Kano ka sa prop=extracts|pageimages&titles=Kano&exintro=1&explaintext=1&pithumbsize=320&redirects=1. Wannan zai ba ka gabatarwar maƙalar zalla ba tarkace, da ƙaramin hoto mai faɗin 320 wanda ba zai cinye wa mutum data ba. In cikakken shafi kake so da tebura da komai to action=parse&page=Kano ne. Akwai shafi a cikin wikin mai suna Special:ApiSandbox, can za ka yi ta danne-danne kana ganin amsa, ni dai a nan na koyi rabin abin da na sani.

Sai zaɓen kayan aiki, nan ba zan ja ba. In kai kaɗai ne kuma kana son waya da kwamfuta a tare ka ɗauki Flutter, kayan haɗa manhaja na Google, kod ɗaya ya fita a Android da iOS da Windows da Linux. In Android ce kawai to yaren kod na Kotlin, manhajar Wikipedia ta Android ma da shi ake rubuta ta kuma kod ɗinta a buɗe yake kowa na iya dubawa. Electron, kayan haɗa manhajar kwamfuta, na yi amma yana ɗauke da burauzar Chromium sukutum a cikinsa, tsohuwar laftof sai ta riƙa nishi. In daga JavaScript na cikin burauza kake aika buƙata ka ƙara origin=* in ba haka ba burauzar za ta toshe amsar.

Na huɗu, ka gabatar da kanka. Wikimedia, gidauniyar da ke kula da Wikipedia, na da ƙa'ida cewa duk manhajar da ke tuntuɓar uwar garkensu ta sa User-Agent, wato ɗan layin shaida da ke tafiya tare da kowace buƙata, mai ɗauke da sunanta da sigarta da hanyar da za a same ka. Wanda ya ƙi, yana iya wayar gari da kuskure mai lamba 403 ya yi ta zargin netwok alhali ƙofa aka rufe masa don ya shigo ba sallama. Kuma kar ka riƙa jefa buƙatu ɗari lokaci guda, ka aika ɗaya ta dawo ka aika ta gaba, ai ana iya haɗa taken maƙala har 50 a buƙata ɗaya, ka raba su da alamar |. In amsa ta yi yawa za ka ga wani ɓangare mai suna continue a ƙarshe, ka mayar da abin da ke cikinsa a buƙata ta gaba su ci gaba daga inda suka tsaya.

To yanzu ga inda mu ke shan wahala, haruffa masu lanƙwasa. A wajen MediaWiki Kasa daban Ƙasa daban, take biyu ne da ba su san juna ba sai in wani ya yi turawa daga ɗaya zuwa ɗaya, shi ya sa na ce ka sa redirects=1. Mutanenmu kuma mafi yawa k da d da b suke bugawa saboda madannin wayar ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, ga kuma 'y ɗin Najeriya da ƴ ɗin Nijar, ga alamar ɗauri ita ma wata miƙaƙƙiya wata lanƙwasasshiya. Abin da nake yi shi ne in amsa ta dawo da missing ba na nuna wa mutum "babu", sai manhajar ta sake gwadawa da harafin mai lanƙwasa, in ya ƙi ta faɗa bincike ta jero masa makusanta ya zaɓa. Sannan kar ka haɗa adireshi da hannu, ka bar laburaren ya mayar da haruffan tsarin UTF-8, ƙ ta zama %C6%99, a Flutter Uri.https na yin wannan da kansa.

Na shida ajiya. Sabis ɗinmu ka san halinsa, don haka duk maƙalar da mutum ya buɗe ka adana ta a SQLite, wato ƙaramin rumbun bayanai da ke zama cikin na'urar, tare da lambar bitar ta, in ba intanet ya karanta ta ajiye, in akwai a duba ko lambar ta canza kafin a sake saukewa. In burinka dama karatu ba intanet ne gaba ɗaya to ka duba manhajar Kiwix tukuna, sun riga sun yi wannan da fayilolin ZIM.

Gyara maƙala daga cikin manhaja shi ka bari sai ƙarshe. Kar ka kuskura ka karɓi faswod ɗin mutane, ka yi wa manhajar rajistar OAuth, wato tsarin ba da izini ba tare da miƙa faswod ba, a Meta-Wiki, shafin gudanarwa na Wikimedia, mutum ya shiga ta shafin Wikipedia da kansa ya ba ka izini. In don kanka ne kawai shafin Special:BotPasswords, inda ake yi wa manhaja faswod na daban, ya isa. Daga nan ka nemi tokin, wato lambar shaidar gyara, da action=query&meta=tokens&type=csrf, ka aika action=edit ta POST da tokin ɗin a ciki. Gwajin kuma a test.wikipedia.org don Allah, masu gyara na Hausa 'yan sa-kai ne, kar ka bar musu shara su kwana suna sharewa.

Kafin ka ɗora a Play Store, rubutun Wikipedia yana ƙarƙashin lasisin CC BY-SA 4.0 ne, a ƙasan kowace maƙala ka rubuta daga inda ta fito da mahaɗi zuwa asalin shafin da sunan lasisin. Hotuna kuma kowane da nasa lasisin, prop=imageinfo&iiprop=extmetadata zai fito maka da shi har da sunan mai hoton.