Kafin ka ce a yi mata fomat: kurakuran da aka fi yi idan Windows ta tsaya

Kana cikin aiki kwamfuta ta yi tsit, allo ya koma shuɗi, ta mutu ta sake tashi da kanta. Ko ta ƙi tashi sam, tana ta kewaye a kan tambarin Windows. Abin da ke ba ni takaici shi ne, yawancin asarar da ake yi a irin wannan lokaci ba daga faɗuwar take zuwa ba, daga gaggawar da ke biyo bayanta ne.

Babban kuskure shi ne fomat. Da zarar ta yi gardama sai ka ji an ce a goge a zuba sabuwar Windows. Na ga ɗalibin da aikin kammala karatunsa ya tafi ta haka, babi huɗu, alhali faifan ajiyarsa lafiya lau yake. Windows ce ta lalace, fayilolin suna nan daram. Ana iya cire faifan a haɗa shi da wata kwamfuta, ko a tayar da ita daga filash da Linux, wata manhajar tafiyar da kwamfuta kamar Windows, a kwashe komai kafin a taɓa wani abu. Fomat ita ce magani na ƙarshe, kuma idan ciwon daga RAM ne, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, ko daga faifan, bayan kwana biyu shuɗin allon zai dawo, ga shi kayanka sun tafi.

Sai rashin karanta abin da allon ya rubuta. A ƙasansa akwai lambar matsala. Ɗauki hotonta da waya kafin ta ɓace. MEMORY_MANAGEMENT yakan nuna RAM, INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE yana nufin Windows ta kasa kaiwa ga faifan da take tashi daga gare shi, IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL kuma galibi direba ne, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa Windows da wani sashe na na'urar. A sababbin Windows 11 allon ya koma baƙi, amma lambar tana nan.

Tambayi kanka kuma: me na canza jiya? Sabuwar firinta, sabuntawar da ta sauka da dare, ko wata manhajar sata da aka zuba maka kyauta? Mutane da yawa kan tsallake wannan tambaya, ita kuwa ce rabin gyaran. A ranar 19 ga Yulin 2024 sabuntawa guda mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5, a ƙididdigar Microsoft, jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka shiga rudani. Ba injin da ya ƙone. Maganin shi ne a shiga Safe Mode, wato a tayar da Windows da abubuwan da suka zama dole kawai, a goge fayil ɗin da ya jawo abin.

Safe Mode ɗin nan kai ma za ka iya shiga. Riƙe Shift ka danna Restart, za ta kai ka shafin gyara inda ake bi a zaɓi Safe Mode. Idan ba ta kai nan ba, kashe ta da maɓallin wuta tana tsakiyar tashi, sau biyu zuwa uku a jere, za ta buɗe shafin gyara da kanta. Daga nan kana iya cire sabuntawar ƙarshe, ko ka yi System Restore ta koma yadda take kwanakin baya ba tare da ta taɓa takardunka ba. Idan ta tashi, buɗe Command Prompt, tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, a matsayin mai iko (administrator) ka rubuta sfc /scannow, ya duba fayilolin Windows ya gyara waɗanda suka lalace. Don gwada RAM, rubuta mdsched. Abu ɗaya za ka riƙa yi ka gwada. In ka canza abu biyar lokaci guda ba za ka san wanda ya yi aiki ba, ko wanda ya ƙara ɓata lamarin. Amma idan allon ya ce tana sabuntawa kada a kashe, ka ba ta lokaci, ka sa mata caja. Ɗauke wuta a wannan gaɓa na iya lalata Windows ɗin gaba ɗaya.

Zafi ma ana raina shi. Ƙurar hunturu kan toshe fanka, a ɗora laftof a kan katifa, sai ta riƙa mutuwa duk lokacin da aiki ya yi nauyi. Wannan share ƙura yake so.

Akwai kuma inda ya kamata ka cire hannu. Idan faifan yana ƙara ƙas-ƙas-ƙas, kashe ta nan take, kada ka gudanar da chkdsk, umarnin duba faifai, kada ka yi ta kunnawa kana fatan sa'a, domin kowace kunnawa na ƙara cin abin da ya rage. Haka idan shayi ko ruwa ya zube mata, ko ka ji ƙaurin ƙuna, ko batir ya kumbura har ya ɗaga madannai. Batirin da ya kumbura yana iya kama wuta, ba a matsa shi, ba a huda shi. Idan kuma an zuba sabuwar Windows shuɗin allon bai daina ba, galibi matsalar ta kayan cikin na'urar ce, aikin mai gyara ne. Kwamfutar ofis ko wadda garantinta bai ƙare ba, kada ka kwance mata ko noti ɗaya.

Wurin mai gyaran ma ana kuskure. Kada ka miƙa kawai ka ce ta lalace. Nuna masa hoton lambar, faɗa masa abin da ka riga ka gwada, sannan ka ce masa a fili: "Malam, don Allah kada a goge komai sai an kira ni." Ku yi ciniki kafin ya buɗe, in ya canza wani abu ya ba ka tsohon. Idan faifan yana kulle da BitLocker, tsarin Windows na kulle bayanai, nemo mabuɗinsa mai lamba 48 a asusunka na Microsoft tun kana gida, domin in babu shi, mai gyaran komai ƙwarewarsa ba zai iya buɗe maka fayilolin ba.