Yadda ake karanta lambar kayan soja ta NATO

Kusan duk kayan da ya shiga rumbun sojojin ƙasashen ƙungiyar tsaro ta NATO, daga taya har bandeji, yana da lamba mai alƙaluma 13 da ake kira NSN. Ga yadda za ka karanta ta kafin ka sa hannu a takardar karɓar kaya.

Da farko nemo lambar a jikin kwali, ka ƙirga. In ba su cika 13 ba, wataƙila lambar kamfani ce ka kama. An raba su kashi huɗu: 4, sai 2, sai 3, sai 4.

Sai ka dubi huɗun farko, su ne ke faɗin dangin kayan. Biyun farko rukuni ne: 10 makamai, 65 kayan asibiti, 84 tufafi. Biyun da ke bi suna ƙara tantancewa. Batirin da ba a caji 6135 ne, mai caji kuwa 6140. A ido kusan ɗaya suke, amma ka tura wa mai rediyo a daji wanda ba shi ba, ka bar shi babu magana.

Biyun da ke gaba ƙasar da ta yi wa kayan rajista ce, ba lallai inda aka ƙera shi ba. Amurka 00 ko 01, Jamus 12, Faransa 14, Birtaniya 99.

Bakwai na ƙarshe jeri ne kawai, kada ka ɓata lokaci neman ma'anarsu.

Daga nan ka gwada taran ƙarshe da na takardar oda, ɗaya bayan ɗaya. Ko alƙalami guda ya saɓa, ajiye kwalin gefe ka sanar da na gaba da kai.