Ƙarar takun ƙafa a wasan kwamfuta: kurakuran da na gaji da ji

Wata uku ke nan samari na turo min takun ƙafa da suka naɗa don wasannin da suke haɗawa, kuma ciwon kusan ɗaya ne. Kafin in ji ƙafar, ɗakin nake fara ji.

Ni ma a nan na sha kashi. Kwana huɗu na kwashe a wani falo mai tayil a Gwammaja, ba labule ba kujera, ina ta zarya da takalma kala biyar. Da na ɗora a wasan, ga jarumi a tsakiyar daji, amma tafiyarsa kamar a banɗaki. Amsa-kuwwa in ta shiga, ta shiga ke nan. Audacity, manhajar gyaran sauti, zai rage maka shuu ɗin fanka, amma ba zai kankare bango ba. Duka na goge, raina a ɓace. Yanzu a ƙuryar ɗaki nake yi: in jingina katifa, in rataya barguna biyu da na sayo a Kantin Kwari, in ajiye makirufo kamar kamu biyu daga ƙafata. Amon kogo ko na zaure, bari injin haɗa wasan, Unity ko Godot, ya ƙara daga baya.

Kuma don Allah ku daina yawo a ɗaki! Masu wannan sana'a ta Foley, wato naɗar sauti irin su taku don fim da wasa, wadda ta samo suna daga Jack Foley na kamfanin Universal a Amurka, a wuri guda suke takawa, dunduniya sannan yatsu, don kada sautin ya riƙa matsowa yana nisa.

Na biyu kuwa lalaci ne tsagwaronsa. Mutum ya naɗi taku ɗaya tak, ya sa wasan ya yi ta maimaita shi kamar ana daka a turmi. Haba malam, ƙafarka ta dama ma ba ta sauka kamar ta hagu. Ni takwas nake ajiyewa ga kowace irin ƙasa, wato siminti, yashi, tsakuwa da tabarma, in bar injin ya riƙa zaɓa barkatai yana ɗan sauya kaifin sautin. Gudu kuma daban ake naɗarsa, ba a hanzarta tafiya a kira ta gudu.

Da rana kada ma ka soma, ga janaretan maƙwabci ga hon ɗin Adaidaita Sahu. Ƙarfe 2 na dare nake farawa, fanka da firji a kashe, in gama kafin assalatu. Zafi kam sai haƙuri.

Ka ajiye a WAV, tsarin fayil da ba ya matse sauti, 48 kHz, mono (layin sauti ɗaya), kada allurar ƙarfin sauti ta haura -12 dB sosai. Kada ka turo min ta saƙon murya na WhatsApp, matse shi yake yi. Ka datse shirun da ke farkon kowane taku, in ba haka ba ƙafa za ta sauka kafin a ji ta.

Sannan a cire shadda. Wani ya turo min taku 40 masu kyau, amma kowanne da kwaram-kwaram ɗin wandonsa mai sitaci. Gajeren wando nake sawa, in cire agogo, makullai kuma a bar su a falo.