Kurakuran Ɗalibai Kan Mitokondiriya: Na Gaji Da Jan Biro

Duk shekara in na zauna makin jarrabawa, amsa ɗaya nake gani: "Mitokondiriya ita ce tashar wutar ƙwayar halitta." Daga nan sai a ajiye biro. Haba jama'a!

Wannan haddar ta taɓa kayar da ni, shi ya sa nake zafi a kanta. A jarrabawar baka wani farfesa ya tambaye ni abin da ya haɗa mitokondiriya da ciwon sukari. Na ce tana samar da ATP, wato sinadarin da ke ba ƙwayar halitta kuzari. Ya sauke tabarau ya ce, "To, sai me?" Na yi tsuru-tsuru, gumi ya keto mini. Sai da na maimaita kwas ɗin.

Ga abin da yake nema. Idan sukari ya shiga ƙwayoyin beta na fankiriyas, masu samar da insulin (sinadarin da ke rage sukari a jini), mitokondiriya ta ƙone shi, ATP ya ƙaru, ƙofofin potasiyom su rufe, kalsiyom ya kwararo, sannan insulin ya fito. Ashe ma'aunin sukari ce. In ta yi rauni, insulin ba ya fitowa a kan kari. Yanzu ɗalibina ba ya barin gaban allo sai ya zana mini wannan jerin da ka.

Kuskure na biyu ya fi haɗari. Da yaro ya ji cewa kitsen jarirai mai launin ruwan ƙasa na da furotin UCP1 mai mayar da abinci ɗumi, sai ya ce ga maganin ƙiba. An gwada, ɗana! Haka ƙwayar rage ƙiba ta DNP ke aiki. Ta zubar da teɓa, ta jawo yanar ido, wasu kuma zafin jiki ya kashe su, har Amurka ta haramta ta a 1938. Kai da za a ba amanar marasa lafiya, ka san wannan. Abin da ke ƙara mitokondiriya a tsoka motsa jiki ne, John Holloszy ya nuna haka a ɓeraye tun 1967. Ni tafiyar ƙasa nake yi bayan la'asar.

Zuciyar baligi mai lafiya kitse ta fi ƙonawa, ba sukari ba, kuma kusan sulusin ƙwayar tsokarta mitokondiriya ce.

Jajayen ƙwayoyin jini ba su da ita, ku daina zana musu.

DNA ɗin mitokondiriya kuwa daga uwa ake gado. In ka ga ciwon sukari haɗe da kurumta, tambayi dangin uwa.