Yadda Mai Ciwon Suga Ko Hawan Jini Zai Kula Da Dasashinsa

Da yawa daga cikin dattawanmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12 a Legas suna shan maganin suga ko na hawan jini a kan ƙa'ida, amma idan suka kurkure baki lokacin alwalar asuba suka ga jini-jini a ruwan da suka tofar, sai su ɗora wa asuwaki laifi. Wannan jinin abin a tsaya a kansa ne, domin suga da ciwon dasashi juna suke rura wa wuta: sugan da ya hau yana raunana garkuwar jiki har ƙwayoyin cuta su sami gindin zama tsakanin haƙori da dasashi, kumburin da suka haddasa kuma yana hana sugan sauka. Bincike ya nuna cewa idan likitan haƙori ya kankare dattin da ya daskare a ƙarƙashin dasashi, gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin suga na wata uku, yakan ragu da kusan 0.4 cikin ɗari.

Ka fara da duba bakinka a madubi sau ɗaya a mako. Ka ɗaga leɓe ka ga ko dasashin ya yi ja ya kumbura, ko ya janye har haƙori ya yi kamar ya ƙara tsawo, ko akwai wanda yake girgiɗi. Warin bakin da ba ya jin wanki da fari-farin da ke kwanciya a harshe su ma alamu ne.

Goge baki sau biyu ne a rana, minti biyu-biyu, da buroshi mai laushi da man goge baki mai fuloraid, wato sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, kuma na dare ya fi muhimmanci. Bayan ka gama ka tofar kawai, kada ka kurkure da ruwa, don man ya zauna. Asuwaki yana da amfani matuƙa, sai dai a tauna bakinsa ya yi laushi, a bi haƙori a hankali, ba a dirje dasashi ba. Buroshi kuwa a sauya shi duk wata uku.

Masu hawan jini su lura da abu biyu. Wasu magungunan suna busar da baki, alhali miyau shi ne mai wanke haƙora, saboda haka a riƙa kurɓar ruwa, ba alewa ko lemon kwalba ba. Magungunan hawan jini irin su amlodipine da nifedipine kuma sukan sa dasashin wasu ya yi tsiro ya hau kan haƙori. Wanda ya ga haka kada ya daina maganin da kansa. Ya nuna wa likitan da ya rubuta masa, akwai madadinsa.

Ka ga likitan haƙori aƙalla sau ɗaya a shekara ko da babu ciwo. Asibitocin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH da ke Ikeja duk suna da sashen haƙori. Ka zuba dukkan magungunanka a leda ka tafi da su, musamman asfirin ko warfarin masu tsinka jini, kuma ina roƙonka kada ka yarda a cire maka haƙori a kemis ko a bakin kasuwa, domin raunin mai suga ba ya saurin warkewa. Ka nemi ganin likita da safe, ka karya kumallo ka sha maganinka kafin ka fita, sannan ka sa dabino biyu ko uku a aljihu, saboda cunkoson motocin Legas yana iya riƙe ka har sugan ya faɗi kafin ka isa asibiti.