Yadda ake haɗa tsohon hannun gem da kwamfuta

Gem ɗin da aka tsara don Super Nintendo ko Sega ya fi daɗi da hannunsa na asali, domin da shi aka auna kowane tsalle da kowane juyi. Matsalar ita ce waɗannan hannaye ba sa jin yaren USB. Kowanne da irin bakinsa, da ƙarfin wutar da yake sha, da hanyar da yake sanar da na'ura cewa an danna maɓalli. Don haka sai da adafta, wadda take zama tafinta a tsakani.

Fara da duba bakin wayar

Hannun NES da na Super Nintendo fil 7 ne, amma siffar bakinsu ta bambanta, ba sa shiga adaftar juna. Na Nintendo 64 fil 3 ne, kuma bolt 3.3 yake sha, in aka ba shi bolt 5 na USB kai tsaye zai iya ƙonewa. PlayStation na ɗaya da na biyu bakinsu ɗaya ne mai fil 9, adafta guda ta wadatar.

A yi hattara da na Sega Mega Drive. Bakinsa mai fil 9 yana shiga daidai cikin tsohuwar kafar siriyal da ke bayan wasu kwamfutocin tebur, amma kada ka soka shi a can. Wannan kafar tana iya fitar da wuta har bolt 12, hannun kuwa na bolt 5 ne. Na Atari ma irin wannan bakin ne da shi, sai dai Atari a fil na 7 yake ba da wuta, Sega a fil na 5. Saboda haka ka tabbata an rubuta sunan na'urarka a jikin adaftar kafin ka saya.

Hannun Xbox 360 mai waya ba ya buƙatar komai, sokawa kawai. Maras waya kuwa, igiyar cajinsa wuta kaɗai take kaiwa, dole sai da risibarsa, wato na'urar da ke karɓar siginarsa. Hannun PlayStation 3 yana shiga da wayar mini USB, amma a Windows sai an saka masa direba, wato ƙaramar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'ura, irin DsHidMini.

Zaɓen adafta

Abin da ya fi raba adafta mai kyau da maras kyau shi ne saurin da take tambayar hannun halin da yake ciki. Mai yin haka sau 125 a daƙiƙa tana iya ƙara jinkirin da ya kai milisakan 8, kusan rabin hoto guda ke nan a gem mai hotuna 60 a daƙiƙa. Mai sau 1000 kuwa milisakan 1 ne. A wasan ƙwallo ba lallai ka lura ba, a wasan faɗa ko na tsalle-tsalle yatsa yana jin bambancin. Idan ka samu mai makunnin sauyawa tsakanin DirectInput da XInput, wato tsare-tsare biyu da Windows ke gane hannun gem da su, ita za ka ɗauka.

Haɗawa da gwaji

Soka hannun a adafta tukuna, sannan ka soka adaftar a kwamfuta, a kafar jikinta ba ta mahaɗar USB ba. Da yawa daga cikin adaftocin a lokacin da wuta ta shige su ne suke gane irin hannun da aka jona. Kada ka taɓa sandar analog, wato 'yar sandar da ake juyawa da yatsa, a wannan lokacin, domin inda ta tsaya nan hannun zai ɗauka a matsayin tsakiya.

Kafin ka buɗe kowane gem, danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta joy.cpl. Zaɓi sunan adaftar, ka shiga Properties, ka danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya kana kallon lambobin da ke haskawa. Wannan matakin bai kamata a tsallake shi ba. In komai ya amsa a nan, duk abin da ya biyo baya saitin gem ne. In bai amsa ba, kada ka ɓata lokaci a cikin emuleta, wato manhajar da ke kunna tsofaffin gem a kwamfuta.

Daga nan sai saiti. A RetroArch, manhajar da ke haɗa emuleta iri-iri wuri guda, shiga Settings, sai Input, sai sashen hannu na ɗaya, ka zaɓi Set All Controls ka bi maɓallan a jere. Lura cewa A da B na Nintendo a juye suke da na Xbox, don haka bi mazaunin maɓalli, ba harafinsa ba. Sabbin gem na kwamfuta galibi XInput kaɗai suke gani, tsarin da Microsoft ta kawo da Xbox 360 a 2005, adaftoci masu araha kuwa DirectInput suke bayarwa. Maganin shi ne ka buɗe gem ɗin ta cikin Steam, manhajar sayen gem da kunna su, ka kunna Steam Input, ko ka saka manhajar x360ce, wadda za ta sa a ɗauki hannunka kamar na Xbox.

GameCube yana da tasa hanyar. Adaftar da Nintendo ta fitar a 2014 tana da wayoyi biyu: baƙar ta bayanai ce, mai ruwan toka ta wutar girgiza. Domin Dolphin, wato emuletan GameCube, ya gan ta a Windows, buɗe Zadig, manhajar saka direba, nemo WUP-028, wato sunan adaftar, ka ɗora mata direban WinUSB. Duba sunan da kyau kafin ka danna, kuskure a nan zai iya tsayar maka da linzami ko allon rubutu.

Idan abu ya ƙi

Sandunan PlayStation ba sa motsi? Danna maɓallin Analog har jar fitilar ta kama. Girgizar hannun ba ƙarfi ko babu ita sam? 'Yar na'urar da ke girgiza shi wajen bolt 7.5 take so, USB kuma 5 yake bayarwa, sai adaftar da ke ɗaga wuta ce take iya juya ta sosai.

Idan ɗan wasanka yana tafiya shi kaɗai, tsakiyar sandar ce ta goce. A Nintendo 64, saki sandar ka danna L da R da Start tare. A GameCube, riƙe X da Y da Start na daƙiƙa 3. Sandar Nintendo 64 da ta tsufa robar cikinta kan cinye ta zama farin gari, ta daina kaiwa ƙarshe. Ƙara ƙarfin jin sandar a emuleta yana rage matsalar, gyaran gaske kuwa sai an sauya kayan cikin.

Hannun Sega mai maɓalli 6 da ya koma aiki da 3 kawai, ko dai adaftar ba ta san mai 6 ba, ko an riƙe Mode lokacin sokawa. Cire ka mayar.

Maɓallin da sai an matsa da ƙarfi yake amsawa, datti ne ya taru tsakanin baƙar robar ƙarƙashinsa da allon lantarkin da ke cikin hannun. Kwance hannun fuskarsa na kallon ƙasa don kada maɓallan su zube, goge wuraren taɓawar da auduga da sinadarin isofurofil, ka bari ya bushe sarai kafin ka rufe. Kada ka kankare baƙin da ke kan robar, shi ne yake ɗaukar wutar. In kuwa hannun yana ɗaukewa duk lokacin da waya ta motsa, ta karye a ciki, yawanci daidai inda ta shiga jikin hannun. Yanke santimita 5 daga wajen, ka sake liƙa wayoyin da dalma, kowace a launinta.